Ranar da Na Leƙa Cikin Haƙarƙarina a Masar

Abu na farko da Masar ta yi mini shi ne ta ɗora ni a bene hawa na shida, ni da ko dakalin masallacin unguwarmu sai na dafa bango nake hawa. Mutumin da ya tarbe mu a filin jirgin Alƙahira, wani Bahaushe da ya daɗe a can, kowa Ustazu yake ce masa, tun muna gida ya rantse mana a waya cewa ɗakin da ya kama mana a ƙasa yake. Da muka iso sai ga bene, ga lifta an ɗaure ƙofarta da sarƙa. Ya ce jiya-jiyan nan ta lalace. Na dubi kwaɗon, tsatsar da ke jikinsa ba ta kwana ɗaya ba ce. Ba ni da numfashin faɗa, amma daga ranar na sa masa ido.

Sunana Sahabi, mahauci ne ni a Talata Mafara, gadon uba da kaka. Ruwa ne ya kai ni Masar. Taruwa yake yi a ƙirjina ta ɓangaren dama, tsakanin huhu da haƙarƙari, ya danne huhun har in kasa barci sai a zaune. Sau uku ana zuƙe shi da allura a gida, sau uku yana dawowa. An auna kakina, an auna ruwan, an ce ba a ga komai ba. Wani likita ya ce in fara shan maganin tarin tibi a gani ko za a dace. Na ce masa ni ba na shan magani a kan canki-canka. In ya tabbatar ya faɗa, in kuwa tsammani yake kada ya liƙa mini sunan da zai kori mutane daga teburina, don babu mai sayen nama hannun mai tibi. Wani likitan kuma ya ja ƙanena gefe ya ambata masa ciwon daji. A ƙarshe suka haɗu a kan magana ɗaya, wai sai an leƙa cikin ƙirjin da ido. 'Yan'uwa suka yi ƙoƙarinsu, aka ce mu tafi Masar.

Ƙanen nawa, Murtala, shi ya rako ni. Malamin makaranta ne a Bakura, ya yi karatun Larabci, yana kuma taɓa Turanci. Shi ne bakina, shi ne kunnena. Mutum ne mai sanyi, mai yarda da mutane, irin wanda in aka ce masa sa ya haihu sai ya tsaya ya ji bayani. Wannan halin nasa ya fi ruwan ƙirjina tayar mini da hankali.

Tun ranar farko Ustazu ya karɓe fasfunanmu, wai zai yi mana rajista. Washegari ya kai mu wani ƙaramin asibiti a saman shagunan sayar da takalma. Aka ɗebi jinina, aka haska mini ido, aka leƙa haƙorana, har tafin ƙafata sai da aka sosa da wani ƙarfe. Kwana uku muna wannan zirga-zirga, babu wanda ya ɗora ko hannu a ƙirjina. A rana ta uku na ga Ustazu da mutumin da ke zaune a teburin karɓar baƙi sun haɗa ido, ɗaya ya ɗan ɗaga gira, ɗaya ya sunkuyar da kai. Shekara talatin ina shiga kara, na san kallon da dillali ke yi wa dillali in baƙauye ya shigo da saniya.

Na ce wa Murtala, “Wanga mutum sayar da mu shikai.”

“Haba Yaya, mutumen da yat tarbe mu?”

“Shi hwa. Dubi takardar da anka ba mu gida, sunan wanga wuri na a jikinta?”

Ya duba, ba shi ba ne. Nan na zauna daɓas a ƙasa a tsakiyar ɗakin jira, na miƙe ƙafafu, na ce ba na tashi sai an ba ni fasfona. Ustazu ya yi lallashi, ya yi Larabci, ya yi Hausa, ya tuna mini 'yan'uwantakar Musulunci. Mutane suka fara taruwa suna kallo. Da ya ga abin zai zama tonon silili sai ya zaro su daga aljihun jallabiyarsa, inda suke tun ranar farko, ya jefa wa Murtala. Ba mu sake ganinsa ba.

A ƙasan benen da muke akwai shagon wani mahauci Balarabe, ƙato mai furfura a gashin baki. Kullum yana ganina ina hawa ina hutawa. Ranar da muka rabu da Ustazu na zo zan wuce, sai ya fito ya kama hannuna ya juya tafin, ya dubi kanta da tabon wuƙa da ke babban yatsana, ya nuna mini nasa. Iri ɗaya ne. Ya yi dariya, ya jawo kujera ya zaunar da ni, ya kawo mini romo mai zafi a kofi. Kafin la'asar ya yi magana da mai gidan, an sauko da kayanmu wani ɗan ɗaki a bayan shagonsa.

Ban sha romon ba sai da na ga ya kurɓa nasa. Ɗakin ma sai da na sa Murtala ya tambaye shi sau biyu abin da yake so a wurinmu. Ya ce ba komai. Na ce wa Murtala mutumin da ya ce ba komai shi ya fi wuyar sha'ani. Allah ya yafe mini, har muka bar ƙasar bawan Allahn nan bai nemi ko allura a wurinmu ba.

Shi ya haɗa mu da direban da ya kai mu asibitin da ke rubuce a takardarmu. Muna cikin motar saƙon murya ya shigo daga Sarkin Pawanmu, dattijon da ya riƙe mu tun rasuwar mahaifinmu. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, “Sahabi, ka ji abin da za ni hwaɗa maka. Kome za su yi, kada ka bari su sa ka kwana. An ce wani mutumen Dosara ya tahi waje da ƙoda biyu ya dawo da guda, bai sani ba sai da ciwo yat tashi. Ka buɗe idonka.” Ban san mutumin Dosaran ba, Sarkin Pawa ma na tabbata bai san shi ba. Amma maganar ta shiga, ta samu wuri ta zauna.

Likitar ƙirjin mace ce, 'yar gajera, ta manyanta, da tabarau a kan hanci. Ni hannun mutum nake fara kallo. Nata ƙanana ne, amma da ta ƙwanƙwasa bayana da yatsu na ji hannun da ya san abin da yake nema. Ta saurara, ta duba hotunan da muka zo da su, sannan ta yi magana mai tsawo.

“Mi tac ce?”

“Ta ce sai an leƙa.”

“Murtala, matar ga ta yi magana kamar mai huɗuba, kai ka ba ni kalma ukku. Mi kaka ɓoyewa?”

Ya yi ajiyar zuciya ya sake tambayarta, ta maimaita a hankali, shi kuma ya riƙa juya mini gaɓa-gaɓa. Zan kwanta ta gefen hagu. Za ta yi allurar kashe zafi tsakanin haƙarƙari biyu, ta huda ɗan rami, ta zura wani siririn ƙarfe mai fitila da kyamara a baki. Za a zuƙe ruwan, ta dubi bangon ƙirjin ta ciki, duk inda ba ta yarda da shi ba ta gutsuro kaɗan a kai ɗakin gwaji. Ruwa, in ji ta, yakan ɓoye abin da ya kawo shi, amma naman wurin ba ya ɓoyewa. Bayan an gama za a bar mini roba kwana ɗaya ko biyu don sauran ruwan ya fita. Murtala ya ce sunan aikin torakoskofi. Na ce ya riƙe sunan, ni ramin nake tambaya.

“Tambaye ta zancen ƙoda.”

“Yaya, don Allah.”

“Tambaye ta nac ce.”

Ya tambaya, kansa a ƙasa don kunya. Na zaci za ta fusata. Sai ta cire tabarau ta tambayi sana'ata. Da aka gaya mata, ta ce in nuna mata inda ƙoda take. Na kai hannu bayana, ƙasan haƙarƙarin ƙarshe. Ta ce tsakanin nan da ƙirji babu shamaki? Na ce akwai, tantanin nan mai kauri da ya raba kayan ƙirji da kayan ciki. Ta kama ɗan yatsana ta nuna kansa, ta ce iyakar faɗin ramin ke nan, in gaya mata a matsayina na mahauci ko ƙoda za ta bi ta nan. Ko ta ɗan akuya ba za ta bi ba.

Duk da haka na kafa sharaɗi uku. Ba za a sa ni barci ba. Ni zan sa alama a wurin da hannuna, kada in tashi in ga yanka a wani waje. Kuma Murtala zai shiga ya tsaya a kaina. Ta ce na farko dama haka take yi, ɗan maganin kwantar da hankali kawai za a ba ni. Na biyu ta miƙo mini biro, ta ɗora yatsana a wurin, na zana. Na uku ta ƙi, ta ce ɗakin aiki ba a shiga da tufafin titi. Amma za ta juyo mini da allon, in ga duk abin da take gani.

Na yarda, don na ga babu sheda da ya wuce idona. Da na san abin da zan gani, da na roƙe ta ta rufe mini fuska.

Da safe aka yi. Ɗakin sanyi ƙalau, na kwanta ta hagu, an ɗaga hannuna na dama bisa kaina, an lulluɓe ni da koren ƙyalle. Babu mai jin Hausa ko ɗaya a ciki. Allurar ta yi zafi, daga nan sai na ji ana dannawa kawai. Na ji ƙarar na'ura tana zuƙar ruwa, ta daɗe tana zuƙa. Kaina ya ɗan yi nauyi saboda maganin, amma na kafe idona a kan allon, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Da farko ja kawai nake gani. Sai hoton ya washe, nan take na gane wurin. Kowace safiya ta Allah nake buɗe shi a kwata. Ga haƙarƙari a jere ta ciki, ga huhu ya koma gefe yana ɗan motsi duk lokacin da na ja numfashi. Abin da ya rage kawai, wannan karon nawa ne. Lafiyayyen ƙirji bangonsa sumul yake, yana sheƙi. Nawa ya yi ja, ga wasu zare-zare sun maƙale nan da can, sannan ga ƙuraje farare ƙanana birjik a jikin tantanin, kamar an watsa gero a tabarma. A wasu wuraren sun taru sun yi curi.

Na san su. Wallahi na san su kamar yadda na san 'ya'yana. Akwai shanun da muke saye a rugagen wajen Damri da Dakko, ramammu, masu wani busasshen tari, waɗanda makiyayi ke ɗokin rabuwa da su. In ka buɗe ƙirjin irin wannan saniya, abin da za ka gani ke nan. Kuma tun ina yaro ban taɓa jin an ce ɗaya ta warke ba. Makiyayin da kansa zai gaya maka ya yi jiƙo, ya yi allura, babu abin da ya rage sai wuƙa kafin ta faɗi.

Wani ɗan ƙaramin baki na ƙarfe ya fito a allon, ya kama ƙurji ɗaya ya ja. Na ji tsinken zafi har kafaɗa. Ya sake, ya sake. Likitar tana magana da mutanenta a hankali, wata ma'aikaciya tana shafa mini goshi. Hawaye ya gangaro mini ta gefen ido, ta zaci zafi ne ta ƙara mini magani. Ba wanda zan gaya wa abin da na gani, ko da akwai ma ba zan faɗa ba.

Kwana biyu na yi a gadon asibiti da roba a gefena, tana zuba cikin wata kwalba a ƙasa. Numfashina ya buɗe yadda na manta ana yi. Murtala sai murna yake. Ni kuwa na ce a raina wannan sauƙin na ɗan lokaci ne, sau uku ina ganin irinsa. Da aka cire robar likitar ta yi magana da Murtala a bakin ƙofa, ya dawo ya ce sakamako sai nan da kwana biyar, kuma ta ce ba za ta faɗi sunan ciwo ba sai ta ga takarda. Na dubi fuskarsa ina neman inda ƙaryar take. Na ce ko dai ta gaya masa na gama yawo suna ɓoye mini, ko kuwa ta ga abin da na gani tana so ta riƙe mu a yi ta jan mu da gwaje-gwaje irin na Ustazu.

Da muka koma masauki matata Hajara ta kira. “Malam, muryarka ta buɗe! Alhamdu lillahi.” Ta ba ni labarin gida, an fara yankan shinkafa a fadamun Bakolori, 'yar autarmu ta yi haƙori, maƙwabta kullum sai sun shigo tambaya. Ina jin kukan awakinmu ta cikin wayar. Ban taɓa jin kewar gida irin ta ranar ba. Ba mutuwar ce ta fi ba ni tsoro ba, kowa zai yi. Tsorona in mutu a nan, waɗanda ba su san sunan ubana ba su wanke ni, a sa ni a ƙasar da Hajara ba za ta taɓa sanin inda take ba. Na ƙudurta a raina zan koma Mafara da ƙafata tun ina iyawa, takardarsu su riƙe abinsu.

Amma na so in ƙara tabbatarwa daga bakin wanda ya san aiki. Bayan kwana biyu, da Murtala ya fita sayo burodi sai na zagaya shagon maƙwabcinmu mahauci. Akwai rabin sa a rataye, an buga masa jan hatimi a jiki. Na kama hannunsa na kai shi wajen haƙarƙarin ta ciki, na riƙa ɗiga yatsana a jikin tantanin, nan da nan da nan, na yi tari irin na saniya. Nan take ya gane. Fuskarsa ta canza, ya kaɗa kai, ya nuna hatimin ya yi alamar babu, sannan ya kwatanta ɗaukar san gaba ɗaya ya jefa a wata babbar gangar shara da ke waje, ya kakkaɓe hannuwa. Bai san kaina nake tambaya ba. Na gode masa na koma ɗaki.

Na zazzage jakar Murtala ina neman fasfona. Yana shigowa ya tarar da kayansa a watse.

“Ina fasfo nau?”

Ya dafa ƙirjinsa. Ashe tun abin da ya faru da Ustazu a cikin rigarsa yake ɗaure su.

“Ba ni. Gobe mu tahi a sake muna ranar jirgi, gida za mu.”

“Saura kwana ukku sakamako shi hito, Yaya.”

“Ba ni jira.”

“To ba ni ba ka.”

Tunda aka haife shi bai taɓa ce mini a'a ba. Raina ya ɓaci, na faɗi maganar da har yau nake jin kunyarta. Na ce, “Kai ma sun saye ka? Nawa tab ba ka?” Ya tsaya da ledar burodi a hannu, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ya bar ɗalibansa, ya bar matarsa da ciki, ya zo yana wanke mini kwanon tofa kaki, sakayyar ke nan? Ya ce in na ga dama in doke shi, amma ba zai mayar da ni gida da ciwon da ba a san sunansa ba.

“Ni na san suna nai,” na ce.

Na zauna a bakin katifa na gaya masa duka, abin da na gani a allo, da shanun Damri, da abin da maƙwabcinmu ya kwatanta. Ya saurara har na gama. Sannan ya share ido da hannun riga.

“Yaya, kai saniya na?”

“Ƙirji dai ƙirji na.”

“To ka hwaɗa ma likita da bakinka, ni in juya. In ta ce haka na, ni da kaina za ni ɗauko ka mu tahi.”

Kwana ukun nan ban ci abin kirki ba. Maƙwabcinmu yana aiko romo, yana komawa yadda ya zo.

Ranar da muka koma, takarda na gaban likitar a kife. Kafin ta buɗe baki na ɗaga mata hannu, na ce Murtala ya gaya mata kada ta wahalar da kanta da lallashi, na riga na sani, na sha gani a cikin shanu. Da ya juya mata sai ta ajiye biro, ta jawo kujerarta kusa, ta ce in kwatanta mata. Na kwatanta, girmansu, launinsu, yadda suke curewa, irin saniyar da ake samunsu a ciki. Tana ji tana gyaɗa kai. Ta yi magana, Murtala ya juya mini.

“Ta ce idonka bai yi ƙarya ba. Tibi na, na tantanin ƙirji. Wanda kaka gani ga shanu ɗan'uwa nai na.”

“To ai shi ke nan.”

“Tsaya mana! Ta ce ba daji na ba. Ta ce da ido kaɗai ba a rarrabe su, shi as sa tag gutsura. Ta ce saniya ba a yi mata magani, amma mutum ana yi mishi, kuma shina warkewa sarai. Wata shidda za ka sha, in da hali a ƙara kaɗan. Maganin kuma akwai shi gida, ba sai mun zauna nan ba.”

Na sa ya sake tambayarta. Na sa ya tambaya karo na uku, ina kallon bakinta ina kallon nasa. Na nemi inda ribarta take a cikin wannan magana ban samu ba, mace tana korar mu gida. Ta ce irin wannan yakan ɓuya, ba ya fita a kaki, sau da yawa ko a ruwan ba a ganinsa. Na tuna likitan da na yi wa tsiwa a gida, na ji kunya ta rufe ni. Sai kuma wani abu ya sake a ƙirjina, na kifa kai a kan teburinta na yi kuka kamar yaro, ni da ko ranar rasuwar mahaifinmu ban yi a gaban mutane ba. Maganarta kuwa ta tabbata, na sha maganin har ƙarshe a Mafara, ruwan bai sake dawowa ba.

Da na natsu na tambaye ta ko daga shanun na ɗauka. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba. Yana iya zama daga mutum, yana iya zama daga ɗanyen nono, yana iya zama daga buɗe irin wannan ƙirji shekara da shekaru. Ta ce a duba mutanen gidana. Tana rubuta takardar da za mu kai wa likitan gida, sai ta ɗago ta yi wata 'yar gajeruwar tambaya.

“Ta ce in kun buɗe kun iske haka, mi kuka yi da saniyar?”

Na dubi bango. Na ce, “Hwaɗa mata muna bizne ta.”

Murtala bai juya ba. Ya zuba mini ido. Shi ɗan gidan fawa ne, ko da bai riƙe wuƙa ba ya san babu mahaucin da ya taɓa haƙa rami ya binne saniya sukutum a garinmu.

“Yaya, biznewa kukai?”

Likitar tana jira, biro a hannu.

“Kankarewa mukai, Murtala. Da bakin wuƙa. In an kankare an wanke ba mai ganewa.”

“Ku sayar?”

“Mu sayar.”

“Huhun hwa, da haƙarƙarin?”

“Wanda anka saye an saye.”

“Wanda ba a saye ba?”

Fiye da shekara goma, duk ranar Talata in kasuwa ta tashi, nakan ƙulla nama a ba direban Bakura ya kai gidan Murtala. Matarsa takan kira ta yi godiya, 'ya'yansa suna ce mini Baba mai nama. Ko da zan taho Masar sai da na bar wa yaran teburina sallahu kada a fasa aikawa. Ban taɓa zama na ce ina cutarsu ba, a gidana ma shi ake dafawa. Abin da ya kwana a tebur ne, kuma ba kullum ba ne mai kyau ke kwana.

Ya juya ya gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, ta dai dube ni ta saman tabarau, ta ce naman da ya dahu sosai haɗarinsa kaɗan ne, amma irin wannan ba abin ci ba ne, ba kuma abin sayarwa ba ne. Ta ƙara layi biyu a takardar ta miƙa wa Murtala.

Muka fito bakin titi, rana ta take, motoci sai ƙaho suke. Ya riƙe mini takardun, bai dube ni ba. Na rasa ta inda zan fara.

“Murtala, ka ji ta ce za ni warkewa.”

“Na ji, Yaya. Ni nah hwaɗa maka.”

Ya zaro waya ya kira matarsa a Bakura, a gabana, ko gefe bai koma ba. Suka gaisa, ya tambayi nauyin jiki, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mata an gano ciwon Yaya, ba daji ba ne, akwai magani, muna nan tafe. Na ji guɗarta ta cikin wayar, tana ta sa mini albarka. Ya bari ta gama.

“Saurara,” ya ce. “Gobe Talata. In an kawo nama daga Mafara, ki amsa, ki yi godiya. Kada ki dahwa. Ki sa a gina rami bayan gida a bizne shi.”

Ina tsaye kusa da shi, numfashina yana shiga yana fita babu abin da ya tare shi, na kasa ɗaga kai.